Karatu a Gida da Littattafan da 'Ya'yanmu Ke Ganin Kansu a Ciki: Tambayoyi da Amsoshi

Iyayen da ke renon 'ya'ya a Amurka da Ingila, ko a Bronx suke ko Greensboro ko Manchester, da yawansu sukan lura da abu ɗaya da zarar yaro ya fara kawo littafi gida daga makaranta: a buɗe shafi bayan shafi, babu mai kama da shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke ta dawowa a bakin irin waɗannan iyaye, a wurin suna, a wurin biki, da bayan an sauko daga Juma'a.

Wane irin littattafai ake magana a kai, kuma don waɗanne yara?

Littafin da yaro baƙar fata, ko ɗan asalin Latin Amurka, ko Indiya da Pakistan, ko ƙasashen Larabawa, zai buɗe ya tarar da mai irin fatarsa da gashinsa da sunansa a tsakiyar labari. A tsakiya, ba a gefe ba. Akwai littattafai da yawa da za a zana ajin makaranta a saka baƙin yaro guda a layin baya, ba ya magana, ba ya yin komai. Wannan bai shiga lissafi ba. Abin tambaya kullum shi ne: labarin nan na wane ne?

Ai littafi littafi ne. Me ya sa sai an damu da launin wanda ke ciki?

A 1990 wata malamar Jami'ar Jihar Ohio, Rudine Sims Bishop, ta yi wani gajeren rubutu da har yau malamai da ma'aikatan laburare ke kafa hujja da shi. Ta ce littafi wani lokaci madubi ne, yaro ya duba ya ga kansa. Wani lokaci taga ce, ya leƙa rayuwar wasu. Wani lokaci kuma ƙofa ce da zai zuge ya shiga ciki. Kowane yaro yana bukatar dukkansu. Inda gizo ke saƙar shi ne, yaran fararen fata sun daɗe suna samun madubi duk inda suka juya, namu kuwa taga kawai ake miƙa musu. Yaron da ya taso yana ganin likita da matuƙin jirgi da gimbiya da mai ceton gari duk fatarsu iri ɗaya ce, ba sai wani ya buɗe baki ya gaya masa matsayinsa ba.

Yara suna ɗaukar irin wannan saƙo da wuri fiye da yadda muke zato. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa ƙananan yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa, suna tambayarsu wacce ce mai kyau. Mafi yawansu fara suka nuna. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci wannan aiki a hukuncinta na 1954 da ya haramta ware makarantun baƙaƙe daga na farare.

Akwai kuma dalili mai sauƙi wanda ba ya bukatar bincike. Yaron da ya ji an ambaci sunan kakarsa a labari, ko ya ga an zana mace tana yi wa 'yarta kitso kamar yadda ake yi a falonsu ranar Lahadi, shi da kansa zai ce a sake karanta masa.

Da gaske sun yi ƙaranci, ko ƙorafi ne kawai irin na zamani?

An ƙirga, kuma an daɗe ana ƙirgawa. A 1965 Nancy Larrick ta duba littattafan yara 5,206 da aka buga a Amurka tsakanin 1962 da 1964, ta tarar 349 ne kacal ke da ko da baƙar fata ɗaya a ciki. Shekara ashirin bayan haka, a 1985, cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin da ke Madison ta fara nata lissafin: cikin littattafai kusan 2,500 na wannan shekarar, 18 ne baƙaƙe suka rubuta ko suka zana. Lissafinta na 2018 shi ne ya fi yawo a hannun mutane, domin ya nuna rabin littattafan na fararen fata ne, kashi 27 cikin 100 na dabbobi da motoci da makamantansu, baƙaƙe kashi 10, 'yan asalin Asiya kashi 7, 'yan Latin Amurka kashi 5, 'yan asalin ƙasar na farko kashi 1. Wato ko an haɗa dukkan waɗannan yara wuri ɗaya, dabbobi sun fi su samun gurbi.

A Ingila, cibiyar CLPE, mai aiki kan koyar da karatu a firamare, ta duba littattafan yara na 2017 ta ga kashi 4 cikin 100 ne ke da wanda ba farar fata ba, kashi 1 kuma ne irin wannan yaro yake jarumin labari, alhali kusan kashi 32 na 'yan makarantar ƙasar daga irin waɗannan gidaje suka fito. Adadin ya yi ta hawa har ya kai kashi 30 a 2022, sai ya faɗo zuwa 17 a 2023. Wannan faɗuwar abin lura ce, domin ta nuna kamfanonin buga littattafai na iya komawa gidan jiya idan masu saye suka yi shiru.

Abin da aka samu na ci gaba, matsin lamba ne ya kawo shi. Ƙungiyar We Need Diverse Books ta samo asali ne a 2014, bayan wani babban taron littattafai a New York ya fitar da sunayen marubutan yara da za su yi jawabi, duk maza fararen fata. A ƙarshen 2015 kuma wata yarinya a New Jersey, Marley Dias, wadda ba ta wuce shekara 11 ba, ta gaji da labarin yara maza farare da karnukansu, ta ƙuduri tara littattafai 1,000 da yarinya baƙa ce jarumarsu. Ta zarce adadin nesa ba kusa ba.

Daga shekara nawa ya kamata a fara karanta wa yaro?

Tun yana goye. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da wannan shawara a hukumance a 2014: a fara tun daga haihuwa. Jariri ba ya gane labari, amma yana jin murya, yana kallon fuska, yana kuma sabawa da cewa littafi abu ne da ke zuwa tare da cinyar uwa ko ta uba. A nemi masu shafin kwali mai kauri waɗanda ba sa yagewa ko ya kai baki, musamman masu hotunan fuskokin jarirai kala-kala. Wanda kuma yaransa sun riga sun girma, bai makara ba. Ɗan shekara goma ma yana son a karanta masa, ko da ba zai furta ba.

Aiki ya sha mana kai, wani na dare wani na rana. Ina lokacin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce gaskiya. Mai tuƙin tasi ko mai kula da tsofaffi a gidajensu, wanda ke dawowa yara sun yi barci, ba ya bukatar a yi masa wa'azin muhimmancin karatu. Abin da ke aiki shi ne ɗan lokaci kaɗan da aka ɗaure a jikin wani abu da dama ana yin sa kullum: minti goma bayan sallar Isha'i, ko lokacin jiran motar makaranta, ko a wurin wankin kaya yayin da injin ke juyawa. Minti goma na kowace rana ya fi awa biyu na sau ɗaya a wata.

Kuma ba dole sai uwa ba. Yaya ta karanta wa ƙaninta, ita ma ta ƙaru. Kaka da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi tana iya yin tatsuniya ta kiran bidiyo a WhatsApp ranar Asabar. Iyaye maza kuwa, a gaskiya, mu ne muka fi zamewa daga wannan aiki, kuma rashinmu yana da tasiri, musamman ga 'ya'ya maza waɗanda kusan duk malamansu na ƙananan azuzuwa mata ne. Wannan giɓin ne ya sa wani tsohon malamin makaranta, Alvin Irby, ya kafa shirin Barbershop Books a New York a 2013, yana ajiye littattafan yara a shagunan aski, inda yara maza baƙaƙe ke zama cikin manyan maza.

Turancina bai yi ƙarfi ba. Ba zan ɓata wa yaron karatu ba?

Ba za ku ɓata ba. Ku ɗauki littafin hotuna ku ba da labarin da Hausa, kuna nuna abin da ke shafin: wane ne wannan, ina za shi, me ya sa take kuka. Abin da yaro ke koya a nan, wato bin zaren labari, hasashen abin da zai faru, da tara kalmomi, yana tafiya da shi zuwa Turanci. Harshen gida ba ya tauye harshen makaranta, kuma malaman da suka san aikinsu su ma haka za su ce muku.

Kada kuma a raina abin da muka gada. Wadda ta iya cewa “ga ta nan, ga ta nanku” ta kawo Gizo da Ƙoƙi har zuwa “ƙurunƙus”, tana yin ainihin aikin da ake so littafi ya yi, har da ƙari, tunda babu mai tambayar ko jarumin nasu ne. Idan yaro ya fara iya karatu, sai a juya: shi ya karanta da Turanci, ya fassara muku da Hausa. Yana jin kansa babba, Hausarsa kuma tana zama. Batun inda ake samun rubutattun labarai da Hausa yana can ƙasa.

Akwai wata hanya ta musamman da ake karantawa?

Babba ita ce a bar yaro ya yi magana. A tsaya a tsakiya a tambaye shi me yake gani zai faru, ko da shi ne me zai yi. Idan ya katse ku da tambaya, ba rashin ladabi ba ne, karatun ne ke shiga. A sauya murya, a yi ta tsohuwa a yi ta kura. In ya nace sai littafin jiya, a sake masa, maimaici yana cikin yadda yara ke koyo. Abin gudu guda ɗaya ne: mayar da zaman jarrabawa, a gama shafi a ce to maimaita abin da na ce, in ya kasa a hau faɗa. Da yawanmu haka aka koyar da mu, shi ya sa hannu ke saurin komawa can.

Ta yaya zan bambance mai kyau da wanda aka yi don kasuwa kawai?

A fara da zanen. Shin fuskokin mutane ne daban-daban, ko fuska ɗaya ce aka shafa wa launin ƙasa-ƙasa? An zana gashi yadda yake, da kitso da tsifa da askin yara maza? Sai a duba wanda ke warware matsalar labarin. Idan kullum yaron baƙi ne ke cikin wahala, wani farar fata ya zo ya cece shi, a ajiye littafin.

Ga mu 'yan Afirka akwai ƙarin abin dubawa. Littafin da ya ce labarinsa ya faru “a Afirka” bai faɗi ƙasa ba, bai faɗi gari ba, sai bukka da zaki da raƙumin dawa, yawanci wanda ya rubuta shi bai san wurin ba. Irin wannan ne ke sa abokan yaro su tambaye shi ko a kan bishiya danginsa ke kwana. Mai kyau zai ce Legas ne ko Akara ko Yamai, ya nuna titi da kasuwa da makaranta da waya a hannun mutane.

Lambobin yabo suna rage wahalar zaɓe. Lambar Coretta Scott King, wadda aka fara bayarwa a 1970, ta marubuta da masu zane baƙaƙen Amurka ce. Ta Pura Belpré, tun 1996, ta 'yan asalin Latin Amurka ce. Akwai kuma Children's Africana Book Awards da aka kafa a 1991, inda masana Afirka ke tantance littattafan yara da suka shafi nahiyar. Jerin waɗanda suka ci kowace shekara yana intanet kyauta.

Dole ne marubucin ya zama baƙar fata?

Ba dole ba ne. Littafin hotuna na farko mai baƙin yaro a matsayin jarumi da ya ci lambar Caldecott ta littattafan hotuna a Amurka, a 1963, Ezra Jack Keats ne ya yi shi, kuma farar fata ne. Yaro ne kawai ya fita wasa ranar da dusar ƙanƙara ta zuba, kuma har yau gidajen baƙaƙe suna ƙaunarsa. Sai dai wanda ya tashi cikin gida yana sanin abubuwan da ɗan kallo ba zai lura da su ba: yadda ake gaida babba, abin da uwa ke cewa idan ta fusata, ƙamshin da ke tashi ranar Sallah. Shi ya sa cibiyar Wisconsin ke raba lissafinta gida biyu, littattafan da aka rubuta a kanmu da waɗanda mu muka rubuta. Idan kuɗin littafi ɗaya ne a hannu, ra'ayina a ba namu, domin cinikin da suka yi shi ne ke sa kamfani ya karɓi littafinsu na gaba.

Duk wanda na ɗauko sai in ga labarin bauta ne ko wariya. Haka za mu yi ta ba yara?

A'a, kuma a nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Idan duk lokacin da yaro ya ga mai kama da shi a littafi sai cikin sarƙa ko ana korarsa daga mota, darasin da zai ɗauka shi ne baƙar fata wahala ce. Mafi yawan abin da ke kan kantarsa ya kamata ya zama na rayuwar yau da kullum: yarinyar da haƙorinta ya fita, yaron da ke son zuwa duniyar wata, 'yan'uwan da suka ɓatar da kyanwa, mai binciken sirri, mai ƙwallo, mai ban dariya. Yaro baƙi yana da haƙƙin ya karanta labarin da babu abin da ya same shi a ciki sai daɗi.

Wannan ba ya nufin a ɓoye tarihi. Za su haɗu da shi a makaranta, a watan tarihin baƙaƙe, wato Fabrairu a Amurka ko Oktoba a Ingila, kuma gara su fara ji daga bakinku. Ɗan shekara shida zai iya fahimtar labarin Ruby Bridges, domin ita ma shekararta shida a 1960 lokacin da jami'an tsaro suka raka ta makarantar fararen fata a New Orleans. A zaɓi waɗanda ke nuna mutane suna tsayawa da ƙafarsu, kamar Rosa Parks a Montgomery a 1955, ko ƙauracewa motocin haya da aka yi a Bristol a 1963. Masu bayanin azaba dalla-dalla a bar su sai yaro ya ƙara hankali, kuma a karanta tare.

Sannan kada tarihin ya fara daga jirgin bayi. A ba su Mansa Musa da hajjinsa na 1324, da malaman Timbuktu, da Sarauniya Amina ta Zazzau, da Nana Asma'u 'yar Shehu wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa ta kuma tura jajis suna koyar da mata a ƙauyuka. Akwai ma wanda ya haɗa tarihin biyu: Omar ibn Said, malami daga Futa Toro da aka sayar a Charleston a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a Karolina ta Arewa. Yaron da ke zuwa Islamiyya a Greensboro ya kamata ya san cewa a jihar da yake zaune an yi bawa mai rubutu da haruffan da yake koya.

Mu daga Afirka muka zo. Me ya haɗa 'ya'yanmu da labarin baƙaƙen Amurka?

Abu mai yawa. A gida ɗanku Bahaushe ne, amma da ya taka ƙofar waje, malami da ɗan sanda da mai shago baƙar fata suke gani, ba sa tambayar garin kakansa. Yana bukatar sanin tarihin mutanen da ake lissafa shi a cikinsu. Kuma akwai bashi a kanmu: dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke tsarin da ya fifita 'yan Turai ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka da Asiya, ta fito ne a zamanin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, shekara ɗaya bayan dokar haƙƙin jama'a ta 1964. Wasu maganganun raini da ake yi a gidajenmu game da baƙaƙen Amurka, da waɗanda su ma wasunsu ke yi game da 'yan Afirka, rashin sanin juna ne, kuma yara ne ke kwasar kuɗarsa a filin wasa.

Haka nan a ba su labarin maƙwabta, ɗan Meziko da 'yar Bangaladash da ɗan Jamaika. Ba kuma ana cewa a kwashe littattafan fararen fata a zubar ba. Taga ma ana bukatarta, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta biyu.

Akwai masu nuna yara Musulmi? Kuma yaya zan kauce wa abin da bai dace da tarbiyyar gidana ba?

Akwai, kuma suna ƙaruwa. Kamfanin Simon & Schuster ya buɗe sashe na musamman mai suna Salaam Reads a 2016 don labaran yara Musulmi, a Ingila kuma Kube Publishing ta daɗe tana wannan aiki. Sai dai za ku lura yawancin jaruman Larabawa ne ko 'yan Pakistan. Yarinya baƙa mai hijabi ba ta cika yawa ba, don haka in kun samu irin wannan ku riƙe shi, ku gaya wa wasu. Iyalan Hausawa Kirista su ma suna da irin wannan nema, ga littattafan labaran Littafi Mai Tsarki da ba a mayar da kowa Bature ba.

Game da tarbiyya, ku sani rukunin da laburare ke jera waɗannan littattafai a ciki yana da faɗi: ya ƙunshi launin fata, addini, naƙasa, har da batun jinsi da nau'o'in iyali. Hanya mafi tabbas ita ce ku riga yaro karantawa. Littafin hotuna minti biyar ne a tsaye a gaban kanta. Ga manyan littattafai, shafin Common Sense Media yana bayyana abin da ke ciki da shekarun da ya dace da su. In yaro ya ci karo da abin da ya saɓa wa koyarwarku, zama a yi magana ya fi ƙwace littafi amfani, domin wanda aka ƙwace wa zai daina nuna muku abin da yake karantawa.

Littattafan nan da tsada. A ina ake samu ba tare da aljihu ya koka ba?

Laburaren unguwa. Katinsa kyauta ne a Amurka da Ingila, har jariri ana yi wa. Ku je wurin ma'aikaciyar sashen yara ku faɗa mata kai tsaye irin abin da kuke nema, aikinta ke nan kuma yawancinsu suna murna da irin wannan tambaya. Abin da babu a reshenku za a iya aro muku daga wani reshe, kuma kuna da damar cike takardar neman a sayo wani littafi. Wannan takarda tana da amfani fiye da gidanku, tunda in an sayo, yaran unguwa duka sun samu. Kafin ku je, rumbun Diverse BookFinder da aka fara a Kwalejin Bates ta jihar Maine yana ba da damar tace littattafan hotuna bisa ƙasa, addini ko irin labari.

Shirin Imagination Library na Dolly Parton, wanda ya fara a 1995, yana aiko wa yaro littafi kyauta kowane wata daga haihuwa zuwa shekara biyar a yankunan da yake aiki, sai a saka lambar unguwa a shafinsu a gani. Asibitocin yara da yawa a Amurka suna ba da littafi lokacin awo ta shirin Reach Out and Read. A Ingila akwai ƙunshin Bookstart na jarirai daga BookTrust, da takardar fam ɗaya da ake raba wa 'yan makaranta a Ranar Littafi cikin watan Maris. Gidaje huɗu ko biyar kuma suna iya yin musaya, kowa ya sayi biyu a riƙa zagayawa da su.

Na Hausa fa?

Shafin African Storybook, wanda wata ƙungiya a Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana da labaran yara masu hotuna cikin harsunan Afirka da dama har da Hausa, kyauta, ana iya saukewa a buga a takarda. StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya da Bloom Library su ma suna da su. Ku riƙa dubawa kafin ku ba yaro, domin wasu fassara ce da ba ta nuna ba, wasu kuma an zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, abin da ke rikita mai koyo.

Idan wani zai je gida, a ba shi saƙon littattafan firamare da na tatsuniyoyi daga shagunan Kano ko Zariya, inda kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, ya daɗe yana buga su. Na Turanci masu yaran Najeriya a ciki kuma, Cassava Republic da aka kafa a Abuja a 2006 tana bugawa, ana kuma samunsu a Ingila. Wanda ya fi duka shiga ran yaro shi ne wanda kuka haɗa da kanku: hotunan zuwa gida hutu, a manna a littafin rubutu, a rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin kowane, “Ga Hajiya tana dama fura.”

Na sayo, ya ƙi kulawa. Waya kawai yake so.

A bar shi ya zaɓa. Littafin barkwanci mai zane, tarihin ɗan ƙwallo, littafin dinoso, duk karatu ne. In kuka riƙa tura masa littafin baƙaƙe kamar maganin ɗaci, a sha don yana da amfani, zai tsane shi. A sa shi cikin sauran kawai, a bi abin da yake so: mai son sararin samaniya a nemo masa labarin Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je can a 1992. Waya kuma, dokar da ta hau kan yaro ta hau kan babba. Zai yi wuya ya yarda karatu abin daɗi ne idan bai taɓa ganin littafi a hannunku ba.

'Yata ta ce ba ta son fatarta, tana son gashi irin na ƙawarta. Littafi zai gyara wannan?

Zai taimaka, amma shi kaɗai ba zai iya ba. Akwai littattafai masu kyau a kan gashi da launin fata, kuma ya dace a nemo su. Amma kafin nan a saurare ta: wa ya ce mata me, a ina? Kada a rufe bakinta da “kar in ƙara ji”. Batun gashi ba ƙaramin abu ba ne a Amurka, har sai da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 ta hana nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wurin aiki saboda kitso ko gashinsa na asali, wasu jihohi suka bi sahu.

Sai kuma mu dubi gida, domin ba duka daga waje yake zuwa ba. Yarinyar da ke jin ana cewa “fara ko mayya ce”, tana jin ana yaba jaririya don ta fito fara, tana ganin man bilicin a gaban madubin gwaggonta, an riga an ba ta amsa kafin ta buɗe kowane littafi. Wannan ciwon namu ne, mun zo da shi cikin akwati, kuma gyaransa yana bakinmu.

Makarantar yarana ba ta da irin waɗannan littattafai. Me zan iya yi?

A fara da malamar aji, cikin mutunci, da sunayen littattafai biyu ko uku a hannu maimakon ƙorafi kawai. Malamai da yawa da kuɗin aljihunsu suke cika kantar aji, don haka kyautar littafi ɗaya tana da daraja a wurinsu. Ku nemi a ba ku minti goma sha biyar ku zo ku karanta wa ajin, ko ku yi musu tatsuniya. A Amurka watan Fabrairu dama ce, domin tun 1990 ake gudanar da African American Read-In, wato zaman karanta littattafan baƙaƙen marubuta, a makarantu da laburare, amma ku nemi a bar littattafan a kanta har ƙarshen shekara.

Ku kuma san abin da ke gudana a gundumarku. Ƙungiyar PEN America ta lissafa littattafai 1,648 da aka cire daga makarantun Amurka a zangon karatu na 2021 zuwa 2022, kuma kashi 40 cikin 100 nasu suna da jarumi ko wani babban ɗan labari wanda ba farar fata ba. Irin wannan shawara a zaman hukumar makarantun gunduma ake yanke ta. Zaman a buɗe yake ga kowane mahaifi, ana sanar da ranarsa a shafin gundumar, kuma gundumomi da yawa suna kawo tafinta idan an nema tun da wuri.